Buɗe Ƙofa da Waya: Abin Dubawa Kafin a Saya

Tambaya: Ina kula da wani bene mai ofisoshi goma sha biyu. Duk ɗan hayar da ya tashi sai ya tafi da mukulli, ni kuma in sauya kwaɗo. An ce in sa na'urar buɗe ƙofa da wayar hannu. Za ta biya kuɗinta?

Amsa: Malam, ciwon da ka ambata shi ne ainihin wanda na'urar take magani. Mukullin waya izini ne a cikin manhaja. Ranar da mutum ya kwashe kayansa, sai ka soke izininsa kana zaune. Kana iya ba mai shara damar shiga daga ƙarfe 6 zuwa 8 na safe kaɗai, na'urar kuma tana ajiye bayanin wanda ya shiga da lokacin shigarsa.

Iri biyu za a fi nuna maka. Mai NFC sai an kara wayar a jikinta, tazarar ba ta wuce santimita 4 ba. Mai Bluetooth tana jin waya daga mita da dama. Wannan da daɗi idan hannu cike yake da kaya, amma in ba a saita ta da kyau ba, giftawa kawai za ka yi da waya a aljihu ka ji ƙofa ta buɗe. A babbar ƙofar shiga, ni na fi natsuwa da NFC.

Sai tambayar da masu sayarwa ba su cika son ji ba: idan wuta ta ɗauke fa? Kwaɗon maganaɗisu sakin ƙofa yake yi da zarar ya rasa lantarki, sai in an haɗa masa batirin ko-ta-kwana. Wasu kuma a kulle suke zama. Kowanne ka zaɓa, dole na ciki ya iya fita ba tare da waya ba, saboda gobara. Ka sa a cire intanet a gabanka a gwada buɗewa, don ka ga ko ƙofar za ta buɗe ranar da babu intanet. Ka kuma tambayi kuɗin wata-wata, don da yawa haya ake biya kan kowace ƙofa ko kowane mutum, ga batun makomar kwaɗon idan kamfanin ya rufe.

In za a haɗa da kati don baƙi, ka guji tsohon kati mai 125 kHz, kwafarsa ba wuya. Shi ma katin da ake kira MIFARE Classic tun 2008 masana suka fasa sirrinsa.

Tambaya: Ni mace ce mai yawan mantuwar caji. Idan wayata ta mutu, a waje zan kwana?

Amsa: Hajiya, wasu wayoyin iPhone suna ci gaba da buɗe ƙofa har kusan awa 5 bayan caji ya ƙare, in mukullin wayar yana cikin Apple Wallet, manhajar ajiye katuna da mukullai ta iPhone. Ban ce ki dogara da wannan ba. Ki sayi kwaɗo mai madannan lambobi ko ramin mukulli, ki kuma ajiye mukullin a jaka, ba a cikin ɗakin da aka kulle ba.