Tambaya da Amsa: Wane mahaɗin tiyo ya dace da kwamfireson gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Tudun Wada, Zariya, ina haɗa gadaje da kujeru a zauren gidanmu. Na sayi kwamfireso, wato injin matse iska, mai tankin lita 50 domin in daina kai kaya wurin masu fenti. Bindigar ƙusa tana aiki lafiya lau, amma bindigar fenti takan fara feshi da kyau, nan da nan ta koma tofi, alhali gejin tanki yana nuna matsin iska na bar 8. Ƙanena bakanike ya gwada bindigar kwance noti, ita ma ta kasa kwance notin taya. An ba ni shawarar in canza mahaɗan tiyo zuwa masu faɗin ciki. Shin hakan zai magance matsalar, kuma wane iri zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka tana da tushe, sai dai ina roƙonka kada ka fitar da kuɗi tukuna, sai ka tabbatar da inda iskar take maƙalewa.

Gejin tanki yana nuna matsin iskar da take tsaye ne, ita kuwa bindiga da iskar da take gudana take aiki. Bindigar ƙusa iska kaɗan take ja a kowane harbi, shi ya sa kowane irin mahaɗi yake isar ta. Bindigar fenti da ta noti kuwa suna jan iska mai yawa muddin yatsa yana kan kunama, kuma yawancin kayan aiki masu amfani da iska an ƙera su ne a kan su samu matsin psi 90 (wani ma'aunin matsi ne), wato kusan bar 6.2, a bakin da iska take shiga cikinsu a daidai lokacin da suke aiki. Ana iya samun bar 8 a tanki amma bar 4 ne kawai yake isa hannunka. Rijiya cike take, guga ne ƙarami.

Gwajin ba shi da wahala. Ka sayi ƙaramin geji da mahaɗi mai baki uku, ka ɗaura su a gindin bindigar, tsakaninta da tiyo. Ka karanta allurar kafin ka ja kunama, ka sake karantawa kana riƙe da kunamar, sannan ka sa yaron shago ya tsaya yana kallon gejin tanki a wannan lokacin. Idan allurar hannunka ta faɗi nan take da fiye da bar ɗaya alhali ta tanki tana nan a sama, to hanya ce ta matse, kuma a nan ne mahaɗi mai faɗi zai yi maka amfani. Idan kuwa allurar tanki ce take sauka a hankali, injin yana ta ruri bai huta ba amma bai cimma bindigar ba, to kwamfireson ne ya yi wa aikin ƙanƙanta, kuma babu mahaɗin da zai ƙara masa iskar da bai samar ba.

Wannan na biyun ya kamata ka dube shi da kyau, domin kwamfireso mai tankin lita 50 galibi injinsa mai ƙarfin doki 2 ne, kuma adadin lita a minti da ake rubutawa a jikinsa yawanci iskar da yake zuƙa ce, wadda yake iya bayarwa a ƙarƙashin matsi ba ta kai haka ba. Manyan bindigogin fenti masu alamar HVLP, wato masu feshi da iska mai yawa a ƙaramin matsi, sukan nemi lita 300 zuwa 400 a minti, abin da ya fi ƙarfin irin wannan inji nesa ba kusa ba. Idan bindigarka irinsu ce, wadda take da alamar LVLP, mai cin iska kaɗan, ita ce ta fi dacewa da kai. Idan an rubuta buƙatar bindigar da CFM, wato ma'aunin yawan iska a minti da ƙafa, ka ninka adadin sau 28 domin ka samu lita a minti. Bindigar ƙanenka kuwa lamarinta daban ne: daƙiƙoƙi kaɗan take buƙatar iska mai yawa ta zo mata gaba ɗaya, abin da ke cikin tanki ya isa ya ba ta wannan, saboda haka ita ce za ta fi nuna bambanci da zarar an buɗe hanya.

Game da mahaɗan kansu, lambar 1/4 da mai shago zai nuna maka girman zaren ɗauri ne kawai, ba ta faɗa maka faɗin ramin da iska take bi ba. Nau'in Amurka da aka fi sani, wanda ake kira Industrial, raminsa kusan milimita 5.5 ne, na Turai mai faɗi kuwa, wanda ake kira Euro, milimita 7.2 ne. A ido bambancin kaɗan ne, amma da yake sararin rami yana ƙaruwa ne da ninkin faɗinsa sau kansa, na biyun ya fi na farko sarari da kusan kashi 70 cikin ɗari. Akwai kuma nau'in Japan na kamfanin Nitto Kohki, wanda masana'antun Sin suke kwaikwayo sosai, kuma shi ne yakan zo a jikin kwamfireso da yawa da ake shigo da su daga Asiya. Za ka gane shi da haruffan da ke jikinsa: S tana nufin mace (ɓangaren mahaɗi mai karɓa), P namiji (ɓangaren da ake cusawa cikin macen), M zare a waje, F zare a ciki, H kuma bakin da ake cusawa cikin tiyo, lambobin 20 da 30 da 40 kuwa suna nufin inci 1/4 da 3/8 da 1/2, kuma dukkan ukun suna shiga junansu. Akwai na Ingila mai suna PCL, da na Amurka mai faɗi da ake kira nau'in V.

Galibin waɗannan nau'o'i ba sa auren juna. Namijin wani yana iya shiga macen wani har ka ji ya yi ƙas kamar ya kulle, amma ko dai ya dinga tsiyayar iska ko ya fizge a tsakiyar aiki. Haka kuma idan ka canza mace kaɗai ka bar tsohon namiji a jikin bindiga, ba ka yi komai ba, tunda iskar dole ta bi ta ƙaramin ramin nan. Mace mai karɓar nau'i da yawa tana da amfani ga wanda yake aron kayan aiki daga maƙwabta, amma ban cika son ta a matsayin abin dogaro ba, domin ba ta kama kowane namiji daidai wa daida, robarta kuma takan gaji da wuri. Ra'ayina shi ne ka zaɓi nau'i ɗaya, ko Euro ko na Nitto, ka duba wanda za ka iya samun madadinsa cikin sauƙi a kasuwar Sabon Gari ba sai ka aika Kano ko Kaduna ba, sannan ka canza komai zuwa shi, tun daga bakin kwamfireso har kowace bindiga.

Ka tafi kasuwa da bindigar da tsohon mahaɗin a hannunka. Ka ɗaga namijin da za ka saya ka leƙa raminsa ta wajen haske tare da tsohon, ka ja zoben macen baya ka ga ko 'yan ƙwallayen ƙarfen suna motsi ba tare da cijewa ba, ka kuma gwada zaren da hannu a gaban mai shago. Zare iri biyu ne suke yawo a kasuwa: BSP na Ingila, mai layi 19 a inci ɗaya a girman 1/4, da NPT na Amurka mai layi 18. Za su kama juna zagaye biyu ko uku su cije, idan ka matsa da sifana zaren ya lalace, kuma farin tef ɗin masu gyaran famfo ba zai hana shi yoyo na dogon lokaci ba. Mace ta tagulla ba ta tsatsa, ita ta fi dacewa da damshin damina. Namijin da za a ɗaura wa bindigar noti kuwa gara na ƙarfe mai tauri, domin na alminiyam yakan cinye da jijjiga.

Kada ka manta da tiyo, wanda sau da yawa laifinsa ya fi na mahaɗi. Siririn tiyon nan mai naɗewa da ake haɗowa da kwamfireso, mai faɗin ciki milimita 5 ko 6, yana cinye matsi sosai, musamman idan yana da tsawo. Ka nemi mai faɗin ciki milimita 10, ka yanke shi daidai tsawon da aikinka yake buƙata, ka kuma rage yawan mahaɗan da ke kan hanya, tunda kowane ɗaya yana cire nasa kason. Mace a ɓangaren da iska take fitowa ake sa ta, namiji a jikin bindiga. Ga bindigar noti, ya fi kyau a ɗaura mata guntun tiyo kamar rabin mita kai tsaye, a sa mahaɗin a ƙarshensa, domin ya tsira daga bugun. Kuma da yake tiyo mai faɗi yana riƙe iska mai yawa, idan aka cire shi da matsi a ciki yakan yi bulala, don haka ko ka riƙe shi gam lokacin cirewa, ko ka sayi mace mai sakin iska kafin ta saki namijin. Idan bayan duk wannan gejin hannunka ya tsaya daidai amma tofin bai daina ba, ka duba kaurin fentin, ka kuma duba ko bakin bindigar ya kwance yana zuƙar iska.

TAMBAYA: Ina zaune a Samaru, kuma ina so in ja iska daga ɗakin ajiya zuwa gareji, tazarar kusan mita 15. Zan iya amfani da bututun PVC na ruwa, tunda ya fi araha?

AMSA: A'a, Malam, kada ka yi haka. Ruwa ba ya matsuwa, idan bututunsa ya tsage tsiyaya kawai zai yi. Iskar da aka matse kuwa tana ɗauke da ƙarfi a tare, kuma PVC idan ya fashe a ƙarƙashinta tarwatsewa yake yi zuwa ɓaraguzai masu kaifi, ga shi zafin rana da man da ke biyo iska daga inji suna ƙara masa gautsi. Ka yi amfani da bututun ƙarfe na rabin inci, ko na jan ƙarfe, ko tiyon iska na gaske mai faɗin milimita 13 wanda aka rubuta matsin da yake ɗauka a jikinsa. Ka ɗan karkatar da layin zuwa ƙasa ta ɓangaren gareji, ka sa ƙaramin famfo a wuri mafi ƙasa domin zubar da ruwan da yake taruwa, sannan ka fitar da bakin mahaɗin daga saman bututun yadda ruwa ba zai gangaro cikin kayan aikinka ba. Daga watan Yuni zuwa Satumba ka riƙa buɗe famfon da ke ƙarƙashin tanki kullum bayan ka tashi aiki, da hunturu kuma ka riƙa kakkaɓe matatar da inji yake shaƙar iska ta cikinta, ka rataye bakin tiyo a bango maimakon ka bar shi a ƙasa, domin ƙura ce take cinye zoben robar da ke cikin mace.