Tambaya da Amsa: Malam, doka ta yarda in ajiye bindiga a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni manomi ne a yankin Alkaleri, bara masu garkuwa suka shigo ƙauyenmu da tsakar dare suka tafi da ƙanin matata, sai da muka sai da shanu biyu da buhunan masara kafin aka sako shi. Yanzu ko akuya ce ta motsa a waje barci ya ƙare kenan. Wani yaronmu da ke karatu a Bauchi ya ce wai a Amurka kowa na da 'yancin riƙe bindiga. To mu nan fa, zan iya saya in ajiye don kare iyalina? Daga mai karatu, Alkaleri.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba ya mayar muku da alheri. Wallahi saƙonka ya taɓa ni, kuma ban ga laifinka ba ko kaɗan da wannan tunani ya zo maka.

Yaron nan bai yi ƙarya ba, a Amurka abin na cikin kundin tsarin mulkinsu tun 1791, shi ne suke kira gyara na biyu, kuma a 2008 Kotun Ƙolinsu ta tabbatar mutum na da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa don kare kai. Amma bai ba ka ƙarshen labarin ba. Cibiyar Small Arms Survey mai bincike kan ƙananan makamai ta ƙiyasta a 2017 akwai bindigogi wajen miliyan 393 a hannun farar hula a can, wato sun fi mutanen ƙasar yawa, sannan a 2021 kaɗai mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe, fiye da rabinsu ma su suka harbe kansu. Har gobe rigima suke a kai, wasu na cewa a taƙaita wasu na cewa ba mai taɓa musu 'yanci.

Mu nan Najeriya ba haka tsarin yake ba. Kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya yarda ka kare ranka da dukiyarka, sashe na 33 ya yi maganar, amma babu inda ya ce mallakar bindiga haƙƙinka ne, izini ne hukuma ke bayarwa kuma tana iya hanawa. Dokar makamai ta 1959 ce ke aiki har yanzu, ita ta ce irin su AK-47 da fistol da gurneti sai da lasisin shugaban ƙasa, kai dai ka ɗauka ƙofar a rufe take. Bindigar farauta irin mai baki biyu Sufeto Janar ke da ikon lasisinta, ita kuma harba-ka-ruga ta mafarauta tana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali ko mai raunin gani ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta'adi a shekara biyar da suka wuce. Kuma a Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka kafin ka kashe ko sisi ka je hedikwatar 'yan sanda a Bauchi da ƙafarka ka ji inda aka kwana. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai yo maka takarda ta bayan fage, guje shi, in aka kama ka da haramtacciyar bindiga maganar shekara 10 ake a gidan yari.

Na san za ka ce ai gwamnoni ma sun ce a kare kai. Haka ne, Masari ya faɗa a Katsina a 2021, Matawalle a Yunin 2022 har cewa ya yi za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 na Zamfara, nan take babban hafsan tsaro na lokacin Janar Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Ka ga kenan in an kama ka maganar gwamna ba za ta fid da kai a gaban alƙali ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a ce kai kaɗai ke da ita a gari. Mai baki biyu harsashi biyu take ci sai ka tsaya ka sake ɗurawa, su kuma masu garkuwa suna zuwa kan babura birjik kowa da AK mai cin 30, kuma suna da masu kai musu rahoto a cikin gari, ranar da labari ya fita cewa gidan wane akwai ƙarfe to gidan za a fara dira don a ƙwace ta. Ga yara a gida, ga rikicin iyakar gona da a da sanda ake ɗagawa dattawa su raba. Mu da muka ga abin da sara-suka suka yi a Bauchi da 'yan Kalare a Gombe da adda da wuƙa kawai, ka ƙaddara lokacin zaɓe ya zo kowane yaro na da bindiga a ƙarƙashin katifa. A Zamfara ma ai an ga yadda ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani ta ƙara hura wutar.

Amma fa ba zan ce ka naɗe hannu ba, don gwamnatin da ta hana talaka makami wajibi ne ta tsare shi, kuma a ƙauyuka da yawa ba ta yi, wannan zalunci ne. Ku haɗu da mai unguwa da dagaci ku je wurin hakimi, a yi wa 'yan bangan garinku rajista da sanin DPO, a san waye ke riƙe da me, a tsara sintirin dare da lambobin wayar ƙauyukan maƙwabta, sannan ku matsa wa ɗan majalisarku lamba a kan ofishin 'yan sanda kusa da ku.

TAMBAYA: Malam mahaifinmu ya rasu ya bar bindiga mai baki biyu da lasisinta, yayanmu ya ce ta faɗo a rabonsa na gado. Ya halatta ya ci gaba da riƙewa? Daga wata 'yar'uwa, Kumo, Gombe.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. 'Yar'uwa, bindigar dukiya ce tana shiga gado, amma lasisin da sunan marigayi aka yi, ba ya bin magaji, ɗan taƙaitaccen lokaci kawai doka ta ba iyali bayan rasuwa. Ki gaya wa yayanku ya ɗauki takardun ya je ya sanar da 'yan sanda, su karɓa su ajiye a ba shi shaidar karɓa a rubuce, in yana son ta sai ya nemi lasisi da sunansa. Kafin nan a raba ta da harsasan a kulle inda yara ba sa kaiwa.