Shin da tarihi ya sauya hanya, mata za su iya kafa gari a duniyar wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Aboabo, Kumasi, kuma ina rubuta ƙagaggen labari irin wanda ake karkatar da tarihi daga inda ya bi. A cikinsa mata sun sauka a duniyar wata tun shekarun 1960, har aka kafa gari a can, kuma jarumar 'yar Zango ce. Wani abokin aikina ya ce hankali ba zai ɗauka ba, domin jikin mace ba ya jure tafiyar. Shin gaskiyarsa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abokin aikinki ya kama wurin da ba shi ne mai rauni ba. Saukar mata a duniyar wata ita ce ɓangaren labarinki mafi sauƙin karewa, garin da kika kafa shi ne zai sa ki gumi.

A shekarun 1960 da 1961, wani likita Ba'amurke mai suna Randolph Lovelace, wanda asibitinsa da ke Albuquerque ya gwada lafiyar 'yan sama jannatin farko na Amurka, ya gayyaci mata matuƙa jirgin sama ya yi musu gwaje-gwajen da aka yi wa mazan. Jerrie Cobb ce ta fara, kuma mata 13 suka haye. Dalilin likitan na lissafi ne: mace, a bisa yawanci, ba ta kai namiji nauyi ba, ba ta kai shi cin abinci da shaƙar iska ba, alhali a zamanin kowane kilo da za a ɗora wa roka abin damuwa ne. Wasu daga cikin matan sun fi wasu mazan daɗewa suna tuƙi a sama. Abin da ya tare su ƙa'ida ce da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gindaya, cewa sai wanda ya taɓa gwajin jiragen yaƙi masu injin jet za a ɗauka, a lokacin da rundunar sojan ƙasar ba ta barin mace ta tuƙa irin waɗannan jirage. A watan Satumba na 1961 aka soke gwajin da za su ci gaba da yi a sansanin sojan ruwa na Pensacola, kuma zaman da majalisar dokoki ta yi a kan batun a watan Yuli na 1962 bai sauya komai ba. Sai 1978 NASA ta ɗauki mata, sai 1983 Sally Ride, Ba'amurkiya ta farko da ta je sararin samaniya, ta tashi. Wally Funk, ƙaramar cikin matan nan 13, ba ta samu zuwa sararin samaniya ba sai 2021, tana da shekara 82. Duk lokacin da na tuna wannan jira na shekara sittin, raina yakan ɓaci.

Tarayyar Sobiyet kuwa ta riga ta amsa wa abokin aikinki tun ranar 16 ga Yuni, 1963, sa'ad da Valentina Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa mai dirar laima, ta kewaya duniya sau 48 cikin kusan kwana uku. Sai dai da suka samu sunan da suke nema, sun yi shekara 19 ba su sake tura mace ba. Saboda haka duk marubucin da ya cire waccan ƙa'ida ɗaya daga tarihi, ya sami hanyar kai mace wata ba tare da ya karya wata dokar kimiyya ba.

Batun gari daban ne. Mutum 12 ne suka taka duniyar wata tsakanin 1969 da 1972, kuma waɗanda suka fi daɗewa, wato na kumbon Amurka mai suna Apollo 17, kwana uku da 'yan sa'o'i suka yi a can. Bayan su ba wanda ya koma, domin dalilin tafiyar gasa ce da Sobiyet, kuma da aka ci gasar sai kuɗin ya janye. A tsakiyar shekarun 1960 NASA tana cin kusan kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin Amurka, amma kafin a kammala shirin an soke tafiye-tafiye uku da aka tsara. A ɗaya gefen, babban injiniyan Sobiyet, Sergei Korolev, ya rasu a Janairun 1966, kuma rokar da suka ƙera don zuwa wata ta tarwatse sau huɗu a gwaji. Idan a labarinki Korolev ya rayu kuma rokar ta yi aiki, gasar za ta tsawaita, kuɗi zai ci gaba da kwarara. Amma gasa tana iya gina sansani ne kawai. Ki dubi zangunanmu na nan Gana: kakanninmu ba su zauna a Salaga da Kumasi don su burge kowa ba, goro ne ya zaunar da su, kuma da ciniki ya bar Salaga mutane suka bi shi. Dole ki gaya wa mai karatu mene ne goron duniyar wata, abin da zai sa a ci gaba da biyan kuɗin zaman mutane a can bayan shugabannin da suka fara sun shuɗe. Ki kuma tuna cewa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata, don haka tambayar wa ke da iko da garin za ta taso.

Sannan ga wahalar wurin kansa. Rana ɗaya a can tana ɗaukar kusan mako biyu, dare ma haka, zafi yakan haura digiri 100 a ma'aunin Selsiyos da rana, sanyi kuma ya yi ƙasa da sifili da fiye da digiri 150 da dare. Babu iskar da za ta tare tururi mai illa da ke fitowa daga rana da sauran sararin samaniya, shi ya sa masana ke ganin gidajen za su kasance a binne ƙarƙashin ƙasa. Ƙurar wurin tana da kaifi domin babu ruwa ko iska da za su goge bakinta, kuma ta cinye rigunan 'yan Apollo, ta dame su a hanci da ido cikin 'yan kwanaki. Ruwa ma akwai tarko a kansa ga marubuci: ƙanƙarar da ke cikin ramuka masu duhu kusa da ƙuryar kudu ba a tabbatar da ita ba sai 2009, don haka mutanenki na 1970 ba su san da ita ba sai idan su da kansu suka tono ta, kuma wannan babi ne mai kyau.

Inda jikin mace ya shigo da gaske shi ne haihuwa. Ƙarfin jan ƙasa a wata kashi ɗaya cikin shida ne na namu, ƙashi da tsoka suna raguwa idan nauyi ya ragu, kuma har yau ba a taɓa ɗaukar ciki har a haihu a wajen duniya ba. Wurin da ba a haihuwa bai zama gari ba tukuna. A ganina nan zuciyar labarinki take: wa zai yanke wa matan garin hukunci a kan wannan kasada, su ko hukumomin da ke nisan kilomita 384,000?

Game da jarumarki 'yar Zango, akwai ƙofa ta gaske. Sobiyet ta riƙa ɗaukar 'yan ƙasashen da take ƙawance da su, har a 1980 ta tura Arnaldo Tamayo Méndez na Kuba, baƙar fata na farko da ya je sararin samaniya. Kwame Nkrumah, shugaban Gana na lokacin, yana da kusanci da Mosko, kuma ya aza harsashin cibiyar nukiliya a Kwabenya a 1964, kafin a hamɓarar da shi ranar 24 ga Fabrairu, 1966. Idan juyin mulkin bai yi nasara ba a labarinki, yarinyar da ta tashi a Aboabo, ta yi karatun injiniya a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ta sami gurbin ƙaro ilimi a Mosko, za ta iya kaiwa bakin roka. Ki dai nuna mana wanda ya shawo kan mahaifinta ya bar ta ta wuce makarantar allo zuwa boko a wancan zamani, domin masu karatunki na Zango za su fara tambayarki wannan kafin su tambaye ki roka.