Tambaya da Amsa: Su Wane ne Iyayen Charlie Chaplin?

Tambaya: Ta yaya ake gano asalin tsohon ɗan fim kamar Charlie Chaplin, alhali an ce ba a ga takardar haihuwarsa ba?

Amsa: Haka ne, malam, har yau ba a gan ta ba, ko da yake ana ɗauka a Landan aka haife shi a 1889. To sai ka nemi takardar auren iyayensa ta 1885, Charles Chaplin da Hannah Hill, domin a Ingila takardar aure kan nuna sunan mahaifin ango da na amarya da sana'arsu. Ka ga kakanni ke nan. Sannan ka duba ƙidayar jama'ar Ingila ta 1891. Inda ake yawan ɓata hanya shi ne sunan wasa: Hannah da sunan Lily Harley take waƙa, amma a rajista sunanta na yanka za ka nema.