Ruwan jinin akuya a gwajin ƙari: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, an yanki ɗan nama daga ƙarin da ke maman mahaifiyata aka kai gwaji. Wani ma'aikaci ya ce min har da jinin akuya ake aikin. Shin an sa mata a jiki ne? Hankalina ya tashi. Daga wata baiwar Allah a Argungu.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ko ɗigo bai taɓa jikin Hajiya ba. Naman da aka ciro ana jiƙa shi a fomalin, wato sinadarin da ke hana nama lalacewa, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a kan gilashi. A nan ake ɗiga sinadarin antibodi, wanda ke neman alama guda ya manne mata, sai wurin ya yi ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubin likita. Matsalar ita ce antibodi na da kwaɗayi, yakan manne har inda ba a aike shi ba. Kin ga yadda mai ƙunshi ke liƙa salatif a inda ba ta son lalle ya kama? To aikin ruwan jinin akuya ke nan, yana toshe wuraren da ba a son antibodi ya manne. Ba jan jinin ba ne, ruwan ɗorawar nan ne da ke tasowa bayan jini ya daskare.

Da wannan gwaji ake duba wasu alamomi a ƙwayoyin ƙarin da ake kira ER, PR da HER2, kuma ER da PR ne ke nuna ko maganin Tamoxifen zai yi mata amfani. Abin da ya fi damuna shi ne naman da ke isowa a busasshiyar kwalba ko cikin ruwan gishiri. Idan za a sake ɗauka, ki tambaya ko an sa shi a fomalin nan take.

Tambaya: Ni ɗalibin ɗakin gwaji ne a Gusau. Gilashina gaba ɗaya ya yi ruwan ƙasa, alhali na toshe da ruwan jinin zomo. Ina kuskuren?

Amsa: Ɗana, duba kwalabenka. Ka san antibodi biyu ake sawa: na farko ya manne wa alamar, na biyu ya manne wa na farkon. Idan antibodinka na farko daga zomo yake, na biyun aikinsa farautar duk wani antibodin zomo. Kai kuma ka shafe gilashin da ruwan jinin zomo mai cike da antibodin zomo, dole na biyun ya kama ko'ina. Ƙa'ida ita ce ka toshe da ruwan jinin dabbar da aka samar da na biyun a jikinta. In akuya ce, akuya. A tsarma shi ya zama kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a bar shi a kan naman minti 30 zuwa awa 1. Ka tsiyaye, kada ka wanke, kuma kada ka bar naman ya bushe. In bai gyaru ba, ka duba ko ka tsallake matakin haidurojin farokzaid, sinadarin da ke hana naman yin ruwan ƙasa da kansa.

Tambaya: Ai na ji maganin sarar kububuwa ma daga jinin dabba ne? Daga wani manomi a Zuru.

Amsa: Haka ne, Malam, daga doki ko tunkiya. Amma shi wannan a jijiya ake sa shi, kuma wasu jikinsu na ƙin sa, shi ya sa sai a asibiti. Idan maciji ya sari mutum a gona, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a nemi babur ko mota a kai shi.