Tambaya da Amsa: Wa ke da gaskiya a yaƙin basasar Amurka?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa jihohin Kudu na ƙasar Amurka sun yi yaƙin 1861 zuwa 1865 ne don kare ikon jihohinsu, ba don bauta ba, kuma Arewa ma ta yi ta'asa. Ashe ba duk kanwar ja ce ba?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Dalilin ɗaukar makami daban, yadda aka yi amfani da shi daban, kuma cakuɗa su shi ke ɓata hukunci.

Dalilin yaƙi ana neman sa ne a bakin masu shi lokacin da suke ganin nasara a gabansu, ba bayan an ci su ba. Takardar ɓallewar jihar South Carolina ta Kudu daga tarayyar Amurka a Disamba 1860 ƙorafi take yi cewa jihohin Arewa sun ƙi maido da bayin da suka gudu, alhali dokar tarayya ta 1850 ta wajabta hakan. Ka lura da kyau: ikon jihohin Arewa ne suke adawa da shi a nan. Takardar ɓallewar jihar Mississippi ta ce matsayinta ɗaure yake da bauta. A Maris 1861 mataimakin shugaban Kudu, Alexander Stephens, ya faɗa a Savannah cewa tubalin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata bai kai farar fata ba. Tsarin mulkinsu kuma ya hana yin dokar da za ta taɓa mallakar bayi. Mutum kusan miliyan 4 ake magana a kansu, waɗanda ake raba uwa da ɗanta a kasuwa.

Arewa ba don 'yanta bayi ta fara yaƙi ba. Shugaban Amurka Abraham Lincoln da kansa ya rubuta a Agusta 1862 cewa ceto tarayya ne burinsa. Shelarsa ta 'yanta bayi ta 1 ga Janairu 1863 ba ta shafi jihohin Kentucky, Missouri, Maryland da Delaware masu bayi ba, saboda ba su ɓalle ba. Amma yaƙin ya sauya fuska: baƙaƙen fata kimanin 180,000 suka shiga rundunar Arewa, a Disamba 1865 kuma gyara na 13 ga tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta.

Wajen ta'asa kowa na da nasa. Janar Sherman na Arewa ya lalata gonaki da layin dogo daga Atlanta zuwa Savannah a 1864. Fursunonin Kudu kusan 3,000 suka mutu a sansanin Elmira na Arewa, na Arewa kimanin 13,000 a sansanin Andersonville na Kudu. A Fort Pillow sojojin Kudu sun kashe baƙaƙen sojoji da suka miƙa wuya. Ɓarnar Sherman laifi ce a wuyansa, ba ta mayar da bauta halal ba.

Tambaya: To talakan sojan Kudu da bai mallaki bawa ko ɗaya ba fa?

Amsa: Alhakinsa bai kai na shugabannin da suka kitsa ɓallewar ba, musamman wanda aka ɗauka dole bayan dokar tilasta shiga soja ta Afrilu 1862. Jarumtarsa gaskiya ce, sai dai da ya yi nasara bauta ce za ta ɗore. Shi ma an zalunce shi: a Oktoba 1862 aka yi dokar da ke ɗauke wa farar fata ɗaya aikin soja a duk gonar da ke da bayi 20, gatan da talaka marar bawa bai samu ba.