Ɗalibata ta daina zuwa makaranta saboda guruf ɗin aji

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ni malamin aji ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a Daura, ina riƙe da 'yan SS2. Yaran suna da guruf a WhatsApp, wanda suka buɗe don tura wa juna aikin gida da tsofaffin tambayoyin WAEC. Wani a cikinsu ya ɗauki hoton wata ɗaliba tana gyangyaɗi a aji, aka mayar da shi sitika, aka laƙaba mata suna. Bayan nan sai ga shafin bogi da sunanta da hotonta a Facebook, ana rubuta wai tana bin samari. Yau mako 2 ke nan ba ta leƙo makaranta ba. Mahaifinta ya karɓe wayar da take amfani da ita, ya ce ma zai cire yarinyar daga makaranta. Shugaban makaranta ya ce tunda doka ta hana zuwa da waya, abin da ya faru a waya ba ruwan makaranta. Yaran kuma da na tuhume su sun ce ai wasa ne. Mene ne abin yi?

Amsa

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka bi sawun yarinyar nan.

Zan fara da maganar shugabanku, domin muddin tana nan ba inda za ka iya motsawa. Ina ganin girmansa, amma bai yi daidai ba. A cikin aji aka ɗauki hoton, lokacin darasi. Waɗanda suka yi dariya 'yan ajin ne. Sakamakon kuma ga shi nan a rajistarka, kullum kana kiran suna ba mai amsawa. Dokar hana waya ba ta wanke makaranta ba, sai ma ta nuna an karya doka a cikin aji ba wanda ya lura. Idan za ka koma wurinsa kada ka je da "an ce, an ce". Rubuta takarda guda: ranar da abin ya fara, abin da aka yi, kwanakin da yarinya ta yi fashi, da abin da kake neman izinin yi. Shugabanni da yawa tsoron ɓacin sunan makaranta ke sa su kau da kai. Sai ka tuna masa cewa ranar da uban yarinya ya kai ƙara ofishin ilimi na shiyya ko wurin 'yan sanda, abin da za a fara tambaya shi ne me makaranta ta yi da ta ji.

Batun wasa kuwa, ai mu ne gidan wasa. Akwai na taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Katsinawa da Nufawa. Kome zafinsa yana da ƙa'ida: ka faɗa mini in rama, ido da ido, kuma da an ga ran ɗaya ya ɓaci sai a bari. Ka tambayi yaran: ita ta yi dariya? Ta samu damar ramawa? Da ta daina zuwa, kun bari? Aji guda su taru a kan mutum ɗaya, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya laɓe a bayan shafin bogi, wannan cin zali ne, kuma su ma sun sani.

Manya da yawa ba su gane zafin abin, don suna auna shi da tsokanar zamaninsu, wadda da an kaɗa ƙararrawar tashi ta ƙare. Wannan har ɗakin kwana take bin yarinya. Duk wanda ya ajiye sitikar a wayarsa zai iya jefa ta a kowane guruf, na biki, na Islamiyya, na dangi. WhatsApp yana ba mutum kimanin kwana 2 ne ya goge saƙon da ya tura daga wayar kowa, kuma gogewar ba ta kai ga abin da aka riga aka tura gaba. Yarinya ba ta san wa ya gani wa bai gani ba, saboda haka duk wanda ya ɗaga ido ya kalle ta a layi sai ta ɗauka ya gani. Wannan rashin sanin shi ke zaunar da irin waɗannan yara a gida. A 2019 UNICEF ta ji ra'ayin matasa sama da 170,000 a ƙasashe 30, har da Nijeriya, ɗaya cikin uku ya ce an taɓa cin zarafinsa ta intanet, ɗaya cikin biyar kuma ya ce ya taɓa ƙin zuwa makaranta saboda irin wannan cin zali. A wurinmu akwai ƙarin nauyi. 'Ya mace ce, a gari irin Daura inda kowa ya san gidan kowa, kuma maganar "tana bin samari" za ta iya tashi bayan shekaru, ranar da aka zo binciken aure. Shafin bogin nan ya fi sitikar haɗari nesa ba kusa ba, shi za ka fi sa wa ido.

Kafin ka taɓa masu laifi, je gidansu yarinyar. Kada ka tafi kai kaɗai. Ɗauki malama mace, ita ta shiga ciki wurin uwa da 'ya, kai ka tsaya da uban a zaure. Zai yiwu ka tarar da shi a fusace, kuma kunya ce ta koma fushi. Kada ka yi masa wa'azi. Ce masa: "Alhaji, 'yarka ba ta yi laifin kome ba, ita aka zalunta, kuma makaranta za ta bi mata haƙƙinta." Sau da yawa uba bai taɓa jin wannan daga bakin kowa ba, abin da ya ji kawai shi ne sunan 'yarsa na yawo a waya.

Karɓe wayar da ya yi, na fahimci dalilinsa, amma dubi yadda abin ya kasance a idon yarinya. An ci mutuncinta, ta faɗa, sai aka hukunta ta, waɗanda suka yi kuma suna nan da wayoyinsu suna zuwa makaranta. Ita da ƙannenta darasi ɗaya za su ɗauka: gobe in wani abu ya same ka, yi shiru. Yaran da suka koyi yin shiru su ne masu yi musu barazana da hotuna ke samun yadda suke so da su. Idan uban yana son ta ɗan huta da waya, ba laifi, amma a yi shawara da ita, a sa rana, a kuma gaya mata ƙarara cewa ba horo ba ne.

Akwai kuma dalili na biyu: hujja tana cikin wayar. Da yaran sun ji an fara bincike za su hau goge-goge. Don haka kafin a fita daga guruf, kafin a yi bulokin kowa, a ɗauki hoton fuskar waya na kowane saƙo, yadda lambar mai turawa da rana da lokaci za su fito. A shafin bogin a kwafi adireshinsa, kada a tsaya ga suna kawai, don ana iya canja suna cikin minti ɗaya. A ajiye saƙonnin murya. Sannan a kai rahoton shafin ga Facebook a matsayin wanda ke sojan gona da sunan wani. A WhatsApp ma akwai wurin kai rahoto, kuma idan aka danna, saƙonni 5 na ƙarshe na mutumin ke zuwa ga kamfanin. Abu ɗaya ne ba a ajiyewa: in har ka ci karo da hoton tsiraici na yaro ko yarinya, na gaske ko haɗaɗɗe, kada ka sauke shi a wayarka, kada ka tura wa kowa, ko da shugaban makaranta ne. Riƙe shi kansa laifi ne a ƙarƙashin sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015. A bar shi a wayar da yake, a kai wa hukuma.

Masu laifi kuma, na san al'adarmu: a fito da su a asambuli, a zane su. Ni ban goyi bayan haka ba a nan. Da ka fito da su gaban makaranta, ka sanar da ɗaruruwan yaran da ba su sani ba, kuma kafin la'asar kowa na neman a tura masa sitikar ya gani. Kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya sani ba tare da sun haɗu ba. Da wuya ka wuce mutum na uku ba ka ji wanda ya buɗe shafin ba, domin irin wannan abu don a burge abokai ake yin sa, mai yi ba ya iya ɓoyewa. Sai a kira iyayensu, a ajiye musu hotunan a gabansu su karanta da idonsu. A nan ka faɗa musu wani abu da ke sa iyaye su gyara zama: tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN, kuma yawancin layukan da yaran nan ke riƙe da sunan uwa ko uba ko yaya aka yi musu rajista. In magana ta kai ga hukuma, ƙofar mai sunan za a fara ƙwanƙwasawa.

Horon da ya fi amfani shi ne gyara a inda aka yi ɓarna. Wanda ya buɗe shafin ya rufe shi a gabanka. Ya rubuta a cikin guruf ɗin, da sunansa, cewa abin da ya faɗa ƙarya ne. Kowa ya goge sitikar a gaban malami. Ba da haƙuri ga yarinya kuma sai in ta yarda ta saurara. Kada a tilasta mata ta ce "na yafe" don manya su samu su tashi. Dakatarwa ko wani horo, wannan na kwamitin ladabtarwa ne, tare da wakilin PTA ko SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta.

Game da 'yan sanda, ga yadda doka take. Sashe na 24 na waccan doka ta 2015, bayan gyaran da aka yi masa a 2024, ya fi karkata ga saƙon batsa, da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari, kuma hukuncinsa ya kai tarar naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyun. Barazanar da ta sa mutum fargabar kisa ko duka, hukuncinta ya kai shekara 10. Ɓata suna ma laifi ne a dokokin jiha, kuma Katsina tana da dokar kare yara tun 2020. Amma waɗannan yara ne 'yan 15 zuwa 17, ba na son a fara da caji ofis. A je can in akwai barazana, ko neman kuɗi ko wani abu don a rufa asiri, ko hoton tsiraici, ko aka gano babban mutum ne a bayan shafin, ko an ja kunne an ƙi ji.

Sauran ajin fa? A nan aikin tarbiyya yake. Wanda ya haɗa sitika mutum ɗaya ne, amma masu tura alamar dariya da masu turawa gaba su suka ba ta rai. Yaro yana ganin tunda ba shi ya rubuta ba, ba shi da laifi. Ka nemi malamin addini ya ɗauki darasi guda a kan Suratul Hujurat, inda aya ta 11 ta hana izgili da laƙaba wa juna munanan sunaye, ta 12 ta hana zato da bin diddigi da giba, ta 6 kuma ta ce a tantance labari kafin a ɗauka. Yaran sun haddace su tun a Islamiyya, sai dai ba wanda ya taɓa ce musu ayoyin sun shafi yatsan da ke danna waya. Malamin kwamfuta kuma ya nuna musu a aikace: yadda ake hana baƙo jefa ka a guruf, yadda ake ɓoye hoton furofayil ga wanda ba ka da lambarsa, yadda ake kunna tsaro mai mataki biyu, da dalilin da ba a ba kowa lambobin sirri 6 da WhatsApp ke turowa waya. Guruf ya samu adimin biyu, mace da namiji, su san suna da ikon goge saƙon kowa, kuma su za a fara tambaya in an yi ɓarna. Wasu malamai kan shiga guruf ɗin da kansu. Ba laifi, sai dai ka sani a daren za su buɗe wani da ba ka ciki. Abin da ya fi shigarka amfani shi ne a samu yaro ɗaya ko biyu masu faɗa a ji waɗanda za su iya rubuta "ku bari, ba kyau" tun a saƙon farko. In makaranta na son rana ta musamman, Alhamis ɗin farko ta Nuwamba ita UNESCO ta keɓe don yaƙi da cin zali a makarantu, har da na intanet.

Ranar da za ta dawo, a shirya mata. Ƙawa ɗaya ta biyo mata su taho tare, a ba ta wurin zama nesa da waɗanda suka yi, kada kuma wani malami ya ce "a'a, mai barci ta dawo". A taimaka mata ta kwafi darussan da suka wuce ta, a sake mata gwajin da ta rasa. Malama mace ta riƙa ɗan zama da ita kowane mako har ƙarshen zango, uwar kuma ta lura da barcinta da cin abincinta. In ta fara cewa gara ta mutu, ko ta ji wa kanta ciwo, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai. Idan an yi duk wannan ita da kanta ta ce ba za ta iya zama a ajin ba, a sauya mata aji, ko ka taimaka wa uban da takardar canjin makaranta tun kafin a fara rajistar WAEC ta 'yan SS3.